Ƙoƙon Baba da Jan Layin Injamena

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya fitar da ni daga gida lafiya, ya kuma mayar da ni.

Tun ranar da na dawo daga Injamena ban sami sakat ba. A ƙofar masallaci tambaya, a rumfata tambaya, har a wajen jana'iza wani ya matso ya raɗa mini, wai da gaske ne sojojin Cadi sun tsare ni kwana uku? Wasu kuma sun baza cewa Turawa ne suka kira ni suka ba ni muƙami. Babu ko ɗaya. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin daga farkonsa, duk wanda ya ƙara tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da cinikina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Buhari, ina sayar da igiya da guga a kasuwar Gashuwa. Gidanmu gidan mahaƙa rijiya ne tun kakanni. Muna da wata al'ada da Baba ya gada ya bar mana: ba a cewa rijiya ta ƙare sai babban gida ya sauka har ƙasa, ya shafa bangonta da hannunsa, ya ɗebi ruwa a ƙoƙo ya sha a can ciki. Ba camfi ba ne. Dalilin shi ne, in ruwan zai cutar ko bango zai zubo, ya fara da wanda ya ɗauki nauyin aikin, kada ya fara da 'ya'yan mutane.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce wata rijiya ta rufta da ni da Baba. Ni ƙasa ta tsaya mini a ƙirji, aka ciro ni bayan la'asar. Baba yana ƙasa da ni, sai washegari aka kai gare shi. Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar ban ƙara leƙa rijiya ba. Ko ta tsakar gidana, matata ke jan ruwa, ni in zagaye ta bayan rumbu. Ƙanena Habu shi ya riƙe sana'ar, daga baya ya kwashi mutanensa ya tafi Cadi inda aka ce aiki ya buɗe. Kawu Ado, ƙanen Baba, ya bi shi, shi ke sauka ya sha. Da azumin bara Kawu ya rasu, aka aiko mana da kayansa. Na san girman ya faɗo kaina, amma na ƙi bari tunanina ya je wajen.

Wata Asabar da hantsi direban motar shanu ya tsaya a bakin rumfata ya miƙo mini ambulan, ya ce wani ofis ne ya ba shi a Injamena. Takarda fara fes, da hatimi biyu, da sunana da na Baba, sauran duk Faransanci. Na kai wa Isufu mai shayi, mutumin Damagaram ne, ya yi karatun ƙasarsu. Ya goge hannu a riga, ya karanta yana motsa leɓe, ya ɗago ya dube ni.

"Malam Buhari, me ka yi wa mutanen Cadi?"

"Ban taɓa taka ƙasarsu ba."

"To su sun san ka. Wani babban kamfani ne mai aikin hanya. Sun ce ka bayyana a ofishinsu kafin Alhamis da tsakar rana, a kan maganar rijiya. Sun ce kai ne responsabul."

"Wane ne shi kuma?"

"Shi ne wanda ake kamawa in abu ya ɓaci."

Abu ɗaya ya zo mini: rijiyar Habu ta rufta da mutane, ko da shi kansa, ana neman babban gida ya zo ya amsa. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garinmu ba, ba mu da hanyar jin muryar Habu. Na je na faɗa wa Inna, mahaifiyarmu, ina zaton za ta fasa kuka. Sai ta ce, "Ka je mana. Kawo jakar in sa maka ƙuli-ƙuli." Ta shiga ɗaki da jakar, ta daɗe ba ta fito ba.

Lahadi na kama hanya. Daga nan zuwa Maiduguri kun san ta, ba sai na ɓata tawada ba. Na kwana a gidan wani abokin ciniki, Litinin da safe na shiga tsohuwar fijo mai zuwa Gambaru, mu tara a ciki. Kusa da ni wani dillalin shanu ne, Alhaji Bukar, mai ƙiba da yawan dariya, ya shekara ashirin yana bin hanyar. Na yi kuskure na nuna masa takardar.

"Wannan kamfanin?" in ji shi. "Ai su ba mutum ke mulkinsu ba, kwamfuta ce. Ita ke cewa wane ya yi, wane bai yi ba. In ta sa maka ja, ko shugaban ofis ba ya iya cetonka. Wani ɗan'uwana da ke kai musu nama ta sa masa ja, yanzu rake yake sayarwa."

"Tana ɗaure mutum?"

"Ita ba ta da hannu, Malam. Amma masu hannu suna jin maganarta."

Ya yi dariya har motar ta girgiza, ya miƙo mini goro. Na karɓa na riƙe a hannu har ya yi gumi.

Bayan Dikwa motar ta ɗau zafi, hayaƙi ya taso, direba ya tsaya kusa da wata rijiyar ƙauye. Ya ce, "Malam, kai da ka ce guga kake sayarwa, zo ka nuna mana yadda ake ja." Na ce bayana ke ciwo. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Na koma gindin wata aduwa na ba su baya, amma kunne ba ya rufuwa. Na ji gugan ya bugi ruwa can ƙasa, da wannan amon da ke dawowa a makare. Wata tsohuwa da muke tare ita ta ja ruwan, tana cewa mazan yanzu sai dai a ɗaura musu zane.

A Gambaru muka kwana wajen fatoman Alhaji Bukar, wato mai masaukinsa, aka kawo mana burabusko da bandar kifi. Sauron garin kuwa ba ya tsoron hayaƙi, kamar da shi aka yaye shi.

Talata da safe muka haye 'yar gada muka shiga Fotokol, ƙasar Kamaru. Jandarma ya ce kowa ya buɗe kayansa. Ya zazzage jakata a kan benci: riga biyu, carbi, ƙuli-ƙuli, da littafina na ajami da nake rubuta abin da na gani a hanya. Can ƙasa sai ga wani ƙulli a tsohon kallabin Inna. Ya kwance. Ƙoƙon Baba ne, ɗan ƙarami, ya yi baƙi don tsufa, da ɗinkin zare a inda ya taɓa tsagewa. Shi ake sauka da shi. Yana cikin kayan Kawu da aka dawo da su, ina zaton yana can ƙasan akwatin Inna.

Jandarman ya juya shi ya shinshina, ya yi magana. Alhaji Bukar ya fassara: "Wai na tsafi ne?"

"Na shan ruwa ne."

"Ya ce Nijeriya duk arzikinku ba ku da kofi?"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Na gane Inna ta san abin da ban sani ba. Da ina tsoron kurkuku, yanzu wani tsoron ya shigo wanda ya girme shi, na kuwa san sunansa, na dai ƙi kira.

Daga Fotokol zuwa Kusuri, garin da ke iyakar Kamaru da Cadi, ba a tafiya ɗai-ɗai saboda 'yan fashi. Muka jira har motoci suka taru, soja ya hau ta gaba, sannan aka tashi. Alhaji Bukar ya cire agogonsa ya tura cikin takalmi, ya ce in ga an tare hanya in kwanta kawai kada in kalli fuskar kowa. Ba a tare mu ba, amma duk saniyar da ta motsa a cikin ƙaya sai gabana ya faɗi.

Da la'asar muka isa babbar gadar da ke shiga Cadi. Sojojin can ba irin namu ba ne. Sun naɗe kai da rawani har hanci, ga baƙin tabarau, ba ka ganin komai na fuskar mutum, sai bindiga a rataye kamar sandar makiyayi. Ɗaya ya tambayi abin da ya kawo ni, na miƙa takardar. Ya karanta ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Na waiga neman Alhaji Bukar, na hango shi can yana taya wata mata ɗaure buhu kamar bai taɓa ganina ba. Na fara kalmar shahada a zuci. Sai na ukun ya ninke takardar da kyau, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ture mutane ya ba ni hanya. Alhaji Bukar ya dawo da sauri yana cewa, "Ai na faɗa musu tare muke." Girmamawar nan ba ta kwantar mini da hankali ba. Na ce a raina, abin da soja ke tsoron hatiminsa, ni ina zan sa kaina?

Alhaji Bukar ya kai ni masaukinsa a Atron, unguwa ce can gabashin gari mai sababbin gidajen ƙasa. Mai gidan mahauci ne, Malam Sale, Bahaushe haifaffen can. Kakansa ya fito aikin hajji a ƙafa, ya tsaya hutawa a garin, har yau zuriyarsa ba su gama hutawa ba. Hausarsu rabi Larabci ce, sai na kasa kunne sosai. Tuwonsu suna ce masa esh, ana kifo shi a faranti kamar ƙwarya, kowa ya sa hannu cikin miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen nama. Abin da ya fi ba ni mamaki shayi ne. Mu da safe muke sha da madara a babban kofi, su kuwa ja ne wur, a ɗan mitsitsin gilashi, sukari kamar zuma, kuma ba shi da lokaci. Na tambayi Malam Sale ko ya ji labarin rijiya ta ci mutane.

"Babu," in ji shi. "Abin da ya mutu a garin nan, mutum ko dabba, mahauta ke fara ji."

Wannan ta ɗan sassauta mini. To in ba wanda ya mutu, me ake nema a wajena?

Laraba da safe na hau babur, su kilando suke ce wa ɗan acaɓa, ya kai ni unguwar Kilemat inda ofishin yake. A ƙofa aka karɓi takardata, aka rataya mini kati a wuya kamar ragon da aka saya. Ina shiga ciki sanyi ya buge ni, irin sanyin nan marar iska da na sani a wuri ɗaya kawai. Na dafa bango. Aka kai ni wani ɗaki, wata mata mai kamar shekara talatin tana zaune gaban kwamfuta, da lafaya ruwan toka. Sunanta Zara, uwarta Bahaushiya ce. Ta miƙe.

"Kai ne Buhari? Alhamdu lillahi. Baba, wata biyu kullum da sunanka nake karyawa. Na zaci wani dogon mutum ne mai faɗa."

"'Yata, ki faɗa mini gaskiya. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ni ce dai na kusa."

Ta jawo mini kujera ta juyo da allon. Na ga layuka a kwance, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowane da ɗan zare da ya ɗaure shi da na gaba, kamar raƙuman ayari da aka ɗaure hancin wannan a wutsiyar wancan. Ta ce wannan shi ne lojisiyel ɗin da ke tafiyar da dukan ayyukan kamfanin, abin da yanzu nake jin 'yan rediyo na kira manhaja. Kowane layi aiki ne, da ranar farawa, da ranar gamawa, da sunan mai shi. Wani ba ya tashi sai na gabansa ya ƙare. Ta yi ta jan allon ƙasa, layukan ba su da iyaka, kuma duk ja ne.

Ta yi mini bayani a hankali. Kamfanin zai yi babban filin ajiye injuna a wani ƙauye gaba da Gawi, tsohuwar rijiyar ƙauyen kuwa tana tsakiyar filin. An yi alkawari ba za a taɓa ta ba sai an miƙa wa mutane sabuwa. Saboda haka ba a cike tsohuwar ba, ba a kafa shinge ba, ba a kawo injuna ba, ba a fara hanya ba. Ta koma can sama ta ɗora yatsa a kan raƙumin farko, ɗan gajeren layi, wanda ya durƙusa ya tsayar da ayarin duka.

"Wannan ce rijiyar Habu. Ga sunanka a gefe. Abin da kake gani ɗin nan, ana ganinsa a ofishinmu na kudu, ana ganinsa a ƙasar Turawa, duk a lokaci guda."

Ban iya boko sosai ba, amma na gane sunana. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

"Rijiyar ta lalace ne?"

"Injiniya ya je ya ce bai ga irinta ba. Amma duk Laraba in tambayi Habu an gama, ya ce saura kaɗan. In ce kaɗan ɗin me, ya ce saura kaɗan. Na sa casa'in da biyar cikin ɗari, na sa da takwas, na sa da tara. Baba, lamba ta ƙare mini."

Ta ce tun ranar farko da ta tambayi sunan mai ɗaukar nauyin aikin, Habu ya ba da nawa. Ta ce nasa take so, ya ce shi ba ya sa sunansa a gaba yayansa na raye. Na'urar kuwa ba ta rufe aiki sai da sa hannun wanda ke rubuce, canza suna kuma sai ya bi ofis uku, wata guda. Duk Alhamis ƙarfe goma sha biyu tana aika rahoto da kanta, ba mai tsayar da ita. Aikin da ya fito ja sau takwas, a ƙwace shi a ba masu injin burtsatse, a goge ma'aikacin daga dukan ayyukan kamfanin. Gobe ne na takwas. Habu yana da mutum goma sha shida a ƙarƙashinsa, da wasu rijiyoyi shida da ke jiransa a gaba. Da ta ga haka ne ta nemo adireshina ta aiko da takardar.

Muna cikin haka Habu ya shigo, don ranar zuwansa ce. Ya rame, ya yi baƙi. Yana ganina ya cire hula ya durƙusa a kan simintin ofis.

"Yaya, sannu da hanya. Ya Inna?"

"Tana lafiya. Habu, me ya hana ka aiko mini?"

Ya yi ta murza hular. Can ya ce, "Na aika wa Inna cewa rijiyar ta kai ruwa."

"Ni nake tambaya."

"Yaya, da wane baki zan ce ka zo ka shiga rijiya? Ni na tono ka da hannuna."

"To kai me ya hana ka sauka ka sha?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na yi saɓo. "Kana raye?"

Zara ta dube ni ta dube shi, ta zaro wata takarda ta ajiye a gabana da biro. "Ni ban san zancen shan ruwa ba. Abin da nake so sa hannu ne. Ka sa a nan, yanzu in rufe, gobe kana hanyar gida."

Wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ɗauki biron. Habu ya ce, yana kallon ƙasa, "Ka sa kawai, Yaya. Rijiyar lafiya take. Ba wanda zai sani."

Na ce wa Zara ta karanta mini abin da ke rubuce. Ta fassara: ni wane ɗan wane, na duba aikin nan da idona, na tabbatar ya kammala, kuma babu haɗari a cikinsa ga jama'a.

Shaida ce ke nan. Na daɗe ina riƙe da biron. Na san Habu ba ya ƙarya, na san injiniya ya gani. Amma ba su aka ce su shaida ba, ni aka ce, kuma akwai ranar da za a tambaye ni abin da idona ya gani, a wurin da babu tafinta. Na ajiye biron.

"Ƙarfe nawa kika ce gobe?"

"Sha biyu. Ba sha biyun kasuwa ba, Baba. Ita ba ta jiran mutum ya gama alwala."

Da yamma motar kamfani ta kai mu ƙauyen. Muka ratsa Gawi, garin magina tukwane, tuluna jere a rana kamar an shuka su, bangon gidaje da zane-zanen da mata ke yi. Ban kalle su yadda ya kamata ba. A ƙauyen na tarar an rufe sabuwar rijiyar da katako, an tare da ƙaya. Wata dattijuwa ta zo ta tsaya a gabana ta yi magana mai tsawo da Larabci. Habu ya ce wai wata biyu suna jin ƙamshin ruwa an hana su, in ni ne mai mabuɗin, in ji tsoron Allah. Na ce ya faɗa mata tsoro dai akwai shi.

Alhamis bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, aka janye katakon. Habu ya zura fitila da igiya har ƙasa, ta dawo tana ci, alamar iskar ciki lafiya take. Ya ɗaure ni da kansa, ƙulli irin na Baba, ya ja ya sake ja. Na sa ƙoƙon a aljihun ƙirji. Mutum shida suka kama igiya. Na zauna a baki na zura ƙafafu, ban kalli ƙasa ba. Na ce, "Bismillahi. Ku sake."

An jera ta da zoben siminti tun daga sama har ƙasa, zurfinta gaba goma sha biyu. Na yi ta ƙirga zoben don in ba zuciyata aiki. Haske ya fara ja da baya. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shiga hancina, wanda na shekara goma sha huɗu ina gudu. Wajen tsakiya sai na ji yashi ya zubo mini a hula, sur-sur, ya gangara cikin wuyan rigata. Haka ta fara a waccan ranar. Ƙirjina ya matse daidai inda ƙasa ta taɓa tsayawa. Na fizgi igiya, suka tsaya, na rataye ina juyawa a hankali, na buɗe baki in ce a fitar da ni, murya ta ƙi fita.

Daga sama muryar Habu ta sauko, a nitse, kamar muna hira a zaure. "Yaya, ƙafar yaronmu Musa ce ta turo ƙasa daga baki. Na kore shi. Ka taɓa bangon."

Na miƙa hannu na taɓa. Sanyi, santsi, ba tsaga. Na bi haɗin zobe da zobe da farce, ban sami inda zai shiga ba. Na danna da tafi, na buga da ƙulli, ya amsa mini da amo mai ƙarfi. Hannu ashe bai manta ba. Na karanta abin da Allah ya sawwaƙe, na ja igiya sau biyu, suka ci gaba. Daga nan ban bar zobe ɗaya ban shafa ba.

Ƙafata ta shiga ruwa. Habu ya bar ɗan tudu na tsayawa, ya shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, ruwan garau har ina ganin yatsuna. Ban taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba, har da na Baba, Allah ya gafarta masa. Na ciro ƙoƙon, na ɗiba. Na yi bismillah na sha. Ba zartsi, ba wari. Na ɗaga kai, bakin rijiyar ya koma kamar faifai, da kawuna kewaye da shi. Na tsaya kaɗan na yi wa Baba addu'a, tunda a irin wurin nan muka rabu. Sannan na ce, "Ta ƙare."

Da suka jawo ni sama na zauna a ƙasa. Matan ƙauye ba su jira kowa ba, suka ture ƙaya suka zura guga. Na kira Habu gaban mutanensa na miƙa masa ƙoƙon.

"Daga yau kai ke sauka."

"Yaya, ba zai yiwu ba."

"Ba shawara nake ba ka ba. Babban gida ne ya faɗa, ga shaidu goma sha shida. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya karɓa da hannu biyu, ya juya mana baya, ya daɗe yana gyaran wata igiyar da ba abin da ya same ta.

A hanyar komawa garken shanu ya tare mu a bakin gari, direba yana ta oda, shanun ko a jikinsu. Saura minti ashirin muka shiga ofis, wandona bai bushe ba. Zara tana tsaye a ƙofa. Na sa hannu da ajami, ta kai wa shugabanta ya buga hatimi, ta dawo da gudu ta zauna. Ta rubuta ɗari, ta sa kalmar sirrinta, ta danna. Ɗan layin nan ya koma kore. Sai na ƙasansa ya saki ja, sai na ƙasa da shi, haka har ƙarshen allon, ayarin ya miƙe raƙumi bayan raƙumi. Na zaci za a ji wata ƙara. Ba a ji komai ba.

"Shi ke nan?" na tambaya.

"Shi ke nan, Baba. Ka tayar da injuna arba'in da kurɓi ɗaya."

Na roƙe ta ta cire sunana ta sa na Habu. Ta cika takardar neman canji a gabana, ta ce sai wata guda. Saboda haka mai yiwuwa a yanzu da nake rubutun nan sunana yana can yana yawo a ƙasashen da ban sani ba, amma dai ba ja ba ne.

Na taho da ruwan rijiyar a gorar roba. A Fotokol jandarman nan ya gane ni, ya zazzage jakar, ya tambayi ina kofin Nijeriya. Na ce na bar wa mai shi.

Na isa gida Lahadi da yamma. Inna ba ta tambaye ni soja ba, ba ta tambaye ni kamfani ba. Ta karɓi jakar ta lalube ta har ƙasa, ta ciro kallabinta babu komai a ciki.

"Ina ƙoƙon?"

"Na bar wa Habu."

"Kafin ka sauka, ko bayan ka hau?"

"Bayan na hau, Inna."

Ta buɗe gorar ta kurɓa, ta riƙe a baki kaɗan kafin ta haɗiye. Ta ce, "Ruwan Cadi ba laifi." Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Ba zan ce muku tsoron ya tafi ba, don har yanzu in yashi ya zubo daga katanga sai na waiga. Amma washegari da sassafe matata ta fito da guga a hannu, ta tarar randa a cike, igiya a jiƙe. Ta tsaya ta dube ni, na ce mata igiyar nan ta tsufa, zan kawo sabuwa daga rumfa.